Ƙasar da take auna farin cikin mutanenta, ku zo mu tattauna

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da safe ina jin rediyo aka ce wai 20 ga Maris ita ce ranar farin ciki ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ta tun 2012. Na ɗan bi diddigi sai na tarar ashe wata 'yar ƙaramar ƙasa ce ta kawo maganar, Bhutan, tana can cikin tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Sin, mutanenta duka-duka ba su kai dubu 800 ba. Sarkinsu na huɗu Jigme Singye Wangchuck tun a shekarun 1970 ya ce farin cikin jama'arsa ya fi masa muhimmanci a kan yawan abin da ƙasa ke samarwa, kuma da suka rubuta tsarin mulki a 2008 suka saka abin a ciki, ya zama aikin gwamnati ne ta samar da yanayin da mutane za su samu walwala. Wallahi tun safe abin yake min yawo a kai. Mu kullum labarin da ake ba mu shi ne tattalin arziki ya ƙaru da kaso kaza, su kuma suna tambayar mutum awa nawa ka yi barci jiya. Wanne ne ya fi kusa da gaskiya? Ina son jin ra'ayinku.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq ni dai ban ga yadda za a auna farin ciki ba, abu ne na zuci fa. Yadi ana auna shi da awo, hatsi da kwano, to farin ciki da me? Kuɗi kuwa ana ƙirga shi, shi ya sa na fi yarda da lissafin kuɗi ko da yana da nasa aibun.

Malamin Lissafi:
Ɗan Kwari tambayarka tana kan hanya, amma ba haka suke yi ba, ba wai a zo a ce maka kana farin ciki ko ba ka yi, ka ce e, a rubuta a wuce ba. Sun raba rayuwar mutum gida 9: lafiya, ilimi, yanayin rayuwa wato kuɗin shiga da muhalli da kadara, yadda mutum ke kashe lokacinsa, kwanciyar hankali, zaman unguwa da zumunci, al'ada, mulki, sai kuma daji da ruwa da iska. A ƙarƙashin waɗannan akwai ma'aunai 33. Ma'aikata ne ke bi gida-gida da takardar tambayoyi mai tsawo, suna tambaya kwana nawa ka yi ba lafiya a watan da ya wuce, awa nawa kake aiki awa nawa kake barci, ka yarda da maƙwabtanka, namun daji na ci maka gona, kana da wuta da ruwa da makewayi, sau nawa hassada ko fushi ko tsoro ke kama ka, ka iya harshen iyayenka, ka iya wata sana'ar hannu ta gargajiya. Sannan sai a duba, idan ka samu abin da ya isa a kaso 66 cikin 100 na ma'aunan, a saka ka cikin masu farin ciki. A 2010 kusan kaso 41 ne suka kai wannan matakin, a 2015 kaso 43, a 2022 kaso 48. Ka ga su da kansu ba su ce kowa na cikin daɗi ba, lissafinsu ne ya nuna fiye da rabi ba su kai ba. Kuma na 2015 ya nuna maza sun fi mata, 'yan birni sun fi 'yan ƙauye, manoma na cikin waɗanda aka bari a baya. Wannan shi ne amfanin abin a wurina, yana nuna wa mai mulki inda ciwon yake.

Maman Hanifa:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Maganar lokaci nan ita ta fi taɓa ni. Ni malamar firamare ce, ina tashi kafin asuba in ɗora ruwa in haɗa wa yara abin kari in shirya su, in tafi makaranta in dawo in ɗora na rana, ga wanki ga surukata da ke kwance shekara biyu ni ke juya ta ni ke mata wanka, ba na kwanciya sai wajen sha ɗaya. A cikin duk wannan abin da lissafin GDP, wato awon yawan abin da ƙasa ke samarwa a kuɗi, ya sani game da ni shi ne albashina kawai, sauran aikin kamar ba a yi shi ba. Amma da zan ɗauki mai aiki in biya ta ta yi daidai abin da nake yi sai a ce tattalin arziki ya motsa. To wane irin awo ne wannan da bai ga matan gida ba? Ba korafin aikin nake ba, ladansa na wurin Allah, amma ina son a ce akwai wata takarda ta gwamnati da ta san awa biyar nake barci.

Ummu Yasir:
Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri.

Ɗan Kwari:
Amin. Hajiya ban musa miki ba ko kaɗan. Amma ku duba, ranar da kasuwa ta tsaya gidaje nawa ne ba a ɗora tukunya? Yarana na shago su huɗu ne, kowa da iyali, ga 'yan dako ga masu kura ga mai shayin bakin layi duk da cinikinmu suke ci. Wannan motsin kuɗin shi ne GDP ɗin da kuke zagi. Ita kanta Bhutan ɗin da me take ba mutanenta asibiti da makaranta kyauta? Ai wutar lantarki take samarwa da kogunanta tana sayar wa Indiya, ga tallafin da Indiyar ke ba ta, ga kuɗin da take karɓa hannun 'yan yawon buɗe ido, dala 100 kowane dare a kan mutum ɗaya. Ba farin ciki ne ya gina asibitin ba, kuɗi ne.

Malamin Lissafi:
Alhaji nan kam ka yi gaskiya kuma ba wanda ya ce a jefar da lissafin kuɗi. Matsalar ita ce a ɗauke shi a matsayin shi kaɗai ne madubi. Mutumin da ya fara tsara irin wannan lissafi wa Amurka, Simon Kuznets, tun a rahoton da ya kai wa majalisarsu a 1934 ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga lissafin kuɗin shigar ƙasa. Bari in tuna muku abin da ya faru a gabanmu. A farkon Afrilun 2014 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta sabunta lissafi, ta bar shekarar 1990 da ake kwatance da ita ta koma 2010, aka shigo da harkar wayar salula da finafinai da sauransu, dare ɗaya tattalin arzikin Najeriya ya tashi daga wajen dala biliyan 270 ya koma biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu muka zama na ɗaya a nahiyar. Lissafin ba ƙarya ba ne, gyara ne da ya kamata a yi tun tuni. Amma ba wanda albashinsa ya ƙaru da sisi a ranar. Mako ɗaya bayan nan, 14 ga Afrilu, bom ya tashi a tashar Nyanya da safe, da daddare aka kwashe 'yan matan Chibok. Duk wanda ke kallon GDP kaɗai a wannan watan zai ce ƙasar nan ba ta taɓa samun alheri irin na lokacin ba.

Kuma ku lura da wani abu, man da kake saya wa janareta saboda ba wuta yana ƙara GDP. Kuɗin da ka kashe a asibiti saboda ruwan da kuka sha ba shi da tsabta yana ƙara GDP. Katangar da ka ƙara wa tsawo da mai gadin da ka ɗauka saboda tsoro duk suna ƙarawa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Nijar mun san zafin awo. Akwai ma'aunin ci gaban ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fara a 1990, wani ɗan Pakistan Mahbub ul Haq ya kawo shi, ana haɗa tsawon rai da karatu da kuɗin shiga. Shekaru da dama mu ne na ƙarshe, a rahoton 2020 mu ne na 189 cikin ƙasashe 189. Da farko abin yana ba ni haushi ƙwarai, ina cewa su wa suka ce musu mun fi kowa wahala, su zo su ga yadda muke zumunci. Amma da na zauna na duba sai na ga ba ƙarya suka yi muna ba, diyanmu mata nawa ke gama lakwal, mata nawa ke haihuwa nesa da gidan likita. Yanzu an ja bututun mai har Benin ana fitar da ɗanyen mai, ana cewa tattalin arziki na tashi, to ni abin da nike jira in gani shi ne ko zai iso rijiyar ƙauyenmu. Sai dai har gobe ina ganin akwai abin da muke da shi da awonsu bai kama ba, irin na Bhutan ɗin ne zai kama shi, a tambaye ka in ka kwanta ciwo mutum nawa za su zo duba ka.

Baba Na Zariya:
Yarana ina ta karanta ku tun ɗazu. Wannan awon da kuke nema ai mun daɗe da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, to kamar an tattara masa duniya ne. Abu uku ne, tsaro da lafiya da abinci, kuma duk ukun ana iya ƙirga su. Da ni ke da iko da waɗannan zan riƙa auna kowane gwamna duk ƙarshen shekara, gida nawa ne a jiharka suka kwana ba tsoro, nawa ne suka ci sau uku, nawa ne mara lafiyarsu ya samu magani. Ba sai an je Himalaya ba.

Abban Sadiq:
Sallallahu alaihi wa sallam. Baba Allah ya ja kwana, wannan ya shige ni.

Ummu Yasir:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ina da tsoro ɗaya. Mu mutane ne da aka raina a kan haƙuri da godiya. Ka je gidan da ba a hura wuta ba tun jiya ka ce ya gida, za a ce maka lafiya lau alhamdulillahi, kuma ba ƙarya matar take ba, tarbiyya ce da imani. Ku tuna a 2003 wani bincike na duniya ya ce 'yan Najeriya ne suka fi kowa farin ciki a doron ƙasa, har yau akwai masu kawo wannan maganar duk lokacin da aka yi kukan tsadar rayuwa. Ina jin tsoron ranar da gwamnati za ta ce ta koma auna farin ciki, ta aiko a tambaye mu, mu ce alhamdulillahi, ta ɗauki godiyar da muka yi wa Allah ta mayar da ita shaidar ta yi aiki. Wadatar zuci tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, ba ta gwamna ba ce da zai saka a rahotonsa.

Malamin Lissafi:
Ƙanwata wannan ita ce babbar matsalar kuma masana sun san da ita. Shi ya sa akwai bambanci tsakanin hanyoyi biyu. Rahoton farin ciki na duniya da ake fitarwa kusan duk shekara tun 2012 tambaya ɗaya yake dogara da ita, a ce ka ɗauka rayuwa tsani ce mai hawa daga 0 zuwa 10, kana hawa na nawa. A wannan Finlan ce ke ta zuwa ta ɗaya tun 2018, Afganistan na ƙasa, ita kuwa Bhutan a 2019 ta 95 ta zo cikin 156. Kuma idan kin duba saman jerin yawancinsu ƙasashe ne masu arziki da asibiti da amana tsakanin jama'a da hukuma, wanda ya ƙarfafa maganar Ɗan Kwari. Hanyar Bhutan kuma yawancin tambayoyinta na abin da ake gani ne, alhamdulillahi ba ta cike gurbin kina da makewayi ko ba ki da shi.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, dabarar lissafin da Bhutan ke amfani da ita, wadda masana biyu Alkire da Foster suka tsara, ita ce dai hukumar ƙididdigarmu ta yi amfani da ita a rahoton talauci mai fuskoki da yawa na Nuwamban 2022. Su suna ƙirga abin da mutum ya samu, mu muka ƙirga abin da ya rasa. Aka duba lafiya, ilimi, yanayin rayuwa, aiki da matsalar tsaro, aka samu mutum miliyan 133, kaso 63 cikin 100, suna cikin talauci, a karkara kaso 72, a birni 42. Sakkwato kaso 91, Ondo 27. Wato awon muna da shi a hannu, har matakin mazaɓar sanata aka yi shi. Abin da ban gani ba shi ne a zo kasafin kuɗi a ce ga rahoton nan, da shi za mu raba.

Bahaushen Ohayo:
Salam jama'a, yanzu na taso daga aiki na ga zancen, kuma dole in sa baki domin ni da mutanen Bhutan nake aiki kullum a nan Columbus, jihar Ohayo ta Amurka. Akwai su da yawa a garin nan, dubbai, kuma ba yawon buɗe ido ya kawo su ba, korarsu aka yi. Ana ce musu Lhotshampa, mutanen kudancin ƙasar ne masu jin harshen Nepal, yawancinsu Hindu ne, ba mabiya Buddha ba kamar masu mulki. A 1985 aka yi sabuwar dokar zama ɗan ƙasa, a 1988 aka yi ƙidaya a kudu aka ce kowa ya kawo shaidar yana ƙasar tun 1958, irin su rasit ɗin haraji, ku yi tunanin manomin ƙauye ya ajiye takardar shekara 30. Aka tilasta wa kowa sa tufafin mutanen arewa, aka cire harshensu daga makarantu. Da suka yi zanga-zanga a 1990 sai kame ya biyo baya, zuwa farkon shekarun 1990 mutane suka yi ta tsallakawa, har sama da dubu 100 suka taru a sansanoni 7 a gabashin Nepal. Gwamnatin Bhutan ta ce yawancinsu baƙin haure ne ko kuma da kansu suka tafi. Kusan shekara 20 suna cikin bukkokin gora kafin a fara kwaso su zuwa Amurka da Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashe.

Wani dattijo da muke ɗaukar kaya tare a sito ya taɓa nuna min hoton gonarsu ta lemo a waya, ya ce mahaifinsa ya rasu a sansani yana riƙe da takardun gonar. Ranar da na ce masa na ji ƙasarku ce ta farin ciki shiru ya yi, sannan ya ce ai mu ba a tambaye mu ba. Kuma sarkin da ya kawo maganar farin cikin a zamaninsa aka yi wannan. Ban ce awon ba shi da kyau ba, amma don Allah duk wanda zai yabi Bhutan ya haɗa da wannan.

Maman Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban taɓa jin wannan ba. Ashe raya al'adar da ake yabo ita ce aka fake da ita aka kori wasu.

Abban Sadiq:
Ɗan uwa na gode da ka kawo wannan, ni ma da na fara zancen ban san shi ba, kuma ya sauya min kallon abin. Amma duk da haka zan ce kar mu haɗa laifin gwamnati da amfanin ma'aunin. Akwai abubuwan da suka yi da ba a musu, tsarin mulkinsu ya wajabta kaso 60 na ƙasar ya zauna daji har abada kuma yanzu ma suna da wajen 70, talauci ya sauko daga kaso 23 a 2007 zuwa 8 a 2017, a ƙarshen 2023 suka fita daga jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba.

Ɗan Kwari:
To amma Abban Sadiq matasansu ina suke tafiya? Ostireliya. Dubbai sun tafi bayan korona, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na gwamnati suna ajiye aiki suna komawa birnin Perth na can, saboda rashin aikin yi tsakanin matasa ya haura kaso 28 a 2022. Firaministansu Tshering Tobgay da kansa ya taɓa cewa a 2013 idan gwamnati ta ɓata lokaci tana ta zancen farin ciki ba ta samar da abubuwan buƙata ba to zancen ya zama abin ɗauke hankali. Yanzu kuma sarkinsu na biyar ya sanar da gina sabon birnin kasuwanci a Gelephu kan iyakar Indiya don jawo masu zuba jari. Ƙafar mutum ma ai awo ce, inda ya nufa ya gaya maka inda yake ganin rayuwa.

Malamin Lissafi:
Na yarda Alhaji, kuma ƙaura tana cikin abin da ya kamata kowane ma'auni ya ƙirga. Ka ga wanda ya tafi Perth ba ya gida ranar da mai tambaya ya zo, kamar yadda wanda ke sansanin Nepal ba ya gida. Waɗanda suka fi jin zafi su ne suka fi saurin ɓacewa daga lissafi, sai maki ya yi kyau.

Ummu Yasir:
Malam wannan ai mu ma ya shafe mu. Kawuna da iyalinsa shekara uku ke nan da barin ƙauyensu saboda 'yan bindiga, suna zaune a wani kango a bayan gari su goma sha ɗaya, ba su cikin sansani ba su cikin rajistar kowa. Ƙauyen ba mai shiga balle ya yi tambaya, a garin kuma ba a san da su ba a matsayin gida. Ko na GDP aka yi ko na talauci ko na farin ciki, ban ga ta inda za su shiga ba.

Baba Na Zariya:
Allah ya mayar da su gidajensu lafiya 'yata. Ki turo min saƙo ta gefe, akwai masu raba hatsi a masallacinmu ƙarshen wata, in garin bai yi nisa ba a saka sunansu.

Ummu Yasir:
Amin Baba, na gode ƙwarai, zan turo bayan isha'i in na kira shi na ji ko suna nan inda na san su.